Idan Guguwa Ta Doso: A Tashi Ne, Ko A Zauna?

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, darasinmu na wannan mako a kan wata mas'ala ce wadda 'yan'uwanmu Musulmi mazauna bakin teku ke fuskanta kusan kowace shekara. Hukuma ta yi shela cewa mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku, gobe ko jibi za ta sauka, kowa ya bar gidansa ya nufi mafaka. To, Musulmi ya tashi ne, ko kuwa ya zauna ya ce ya dogara ga Allah?

Malaman fiƙihu ba su yanke hukunci a kan abu sai sun san siffarsa, saboda haka mu fara da sanin guguwar. Larabawa suna kiranta i'isar, kalmar kuwa ta zo a aya ta 266 ta Suratul Baƙara. Kada mai karatu ya ɗauka irin 'yar guguwar bazara ce da ke kwasar yayi a fili. Wannan a kan teku ake haihuwarta idan ruwa ya ɗumama, faɗinta yakan kai ɗaruruwan mil, gudun iskarta kuma daga mil 74 a sa'a zuwa sama. Abin sha'awa, da yawa cikin waɗanda ke afka wa Amurka asalinsu hadarin daminar nan ne da ke ratsa ƙasashenmu daga gabas, ya fita teku ta wajen Senegal ya ƙasaita. A tsakiyarta akwai wurin da ake kira ido, inda iska ke lafawa ɗif har wanda bai sani ba ya fito yana zaton ta wuce, sai kuma ta dawo masa ta ɗaya ɓangaren. Amma abin da ya fi kisa shi ne ruwa. Iskar takan turo teku ta yi toroƙo, ta hau tudu ta bi ta kan gidaje.

Babu inda aka ɗanɗana wannan kamar ƙasar Bangaladash, wadda galibin mutanenta Musulmi ne, ƙasa ce kuma shimfiɗaɗɗiya a bakin Tekun Bengal. A daren 12 ga Nuwamba, 1970, cikin watan azumi, lokacin ana kiranta Pakistan ta Gabas, guguwa ta sauka a tsibirin Bhola da kewayensa, ta ci rayuka aƙalla 300,000. Bayan wannan masifa, a 1972, aka kafa ƙungiyar 'yan sa kai masu gargaɗi, waɗanda a yau sun haura 70,000. Su ne ke bi ƙauye ƙauye da lasifika da jajayen tutoci, masallatai kuma su taya su da sanarwa. Aka kuma gina mafaka ta siminti a kan dogayen ginshiƙai, da yawansu makarantu ne a sauran kwanakin shekara. Duk da haka a daren 29 ga Afrilu, 1991, wata ta sauka a yankin Chittagong da toroƙo mai tsawon ƙafa 20, mutum wajen 138,000 suka rasu. An yi shela, amma mafakar ta yi kaɗan, kuma da yawa sun ji ba su tashi ba. A 2007 guguwar Sidr, wadda iskarta ba ta kasa ta 1970 ba, ta kashe kimanin 3,400. A 2020 aka kwashe fiye da miliyan 2 kafin isowar Amphan, mamatan ƙasar ba su kai 50 ba.

Ubangijin 1970 Shi ne Ubangijin 2020, kowane rai kuma da ajalinsa. Sai dai Shi ne Ya ɗaura abubuwa ga sabubbansu. Da aka tambayi waɗanda suka tsira a 1991 dalilin ƙin tashi, wasu suka ce tsoron ɓarayi, wasu suka ce an sha yin shela ba abin da ya faru, wasu kuma suka ce abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Mu fara da na ƙarshen, don shi ya sanya rigar addini.

A Larabci akwai kalmomi biyu daga tushe guda, ɗalibai kan rikita su. Tawakkul, da shadda a kan kafun, shi ne tawakkalin da muka sani, watau zuciya ta jingina ga Allah alhali gaɓoɓi suna aiki. Tawaakul, da jan wawun, shi ne kowa ya jingine aikin ga wani, a wayi gari babu wanda ya yi. Na farkon Allah Ya yi umurni da shi. Na biyun lalaci ne, ko da mai shi yana riƙe da carbi. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka umurce shi ya haɗa biyun. Shi kansa Manzon, ranar Hijira, an tanadi raƙuma biyu, ya ɗauki jagora masanin hanya, ya ɓuya kwana uku a kogon Sauru, Asma'u tana kula da guzuri. Wa zai ce ya fi shi tawakkali? Annabi Nuhu ma ba a ce ya zauna ya jira ruwa ya kauce masa ba, cewa aka yi ya sassaƙa jirgi tun ƙasa tana bushe, mutanensa na yi masa ba'a.

Mas'alar ta taɓa tasowa a gaban Sayyidina Umar. Ya nufi Sham, da ya isa Sarga aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke komawa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa abin da ake gudu da inda ake gudu zuwa duk ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe. Duk gefen da ya kora raƙumansa, cikin ƙaddara yake, amma mai hankali ya san inda zai kora su.

Mai ilmi zai ce, ai a wannan zama ne Abdurrahman ɗan Aufu ya kawo hadisin da ya hana wanda annoba ta same shi a gari ya fita don gudunta. Gaskiya ne, amma ƙiyasin bai hau ba. Mai fita daga garin annoba yana iya ɗaukar ciwon ya kai wa wasu, ya kuma bar majinyata babu mai kula da su. Guguwa kuwa ba ta bin mutum a jiki, fitarsa ba ta cutar da kowa. Zamansa ne ma ke jefa masu ceto cikin haɗari. Haka kuma hadisin da ya lasafta wanda ya nutse a cikin shahidai, bushara ce ga wanda abin ya riske shi. Ba izini ba ne ga wanda aka ce masa ruwa na zuwa ya tsaya, domin aya ta 195 ta Baƙara ta hana mutum kai kansa ga halaka. Ban faɗi wannan don zargin mamatan can ba. Da yawansu ba su da inda za su, Allah Ya karɓi shahadarsu.

Mai cewa an sha yin shela ba a ga kome ba, uzurinsa yana da ɗan ƙarfi, gama barin gida wahala ce, guguwa kuma takan karkata a sa'o'in ƙarshe. Amma shari'a ba ta jiran yaƙini a irin wannan, rinjayen zato ya isa. Da shi majinyaci ke shan azumi bisa maganar likita amintacce. Masana yanayi masu duban guguwa da tauraron ɗan Adam ba duba suke yi ba, ba su kuma da'awar sanin gaibu. Abin da ya riga ya wanzu suke gani su auna tafiyarsa, kamar mai hango ƙurar mahaya daga kan ganuwa. Wanda ya tashi sau biyar guguwa ba ta zo ba, kwana biyar ya yi asara. A ganina, idan hukuma ta ba da umurnin tashi bisa maganar masana, kuma akwai mafaka da hanyar isa, tashi wajibi ne. Idan gargaɗin ƙarami ne, gidan kuma mai ƙarfi ne a kan tudu, mutum yana da zaɓi, sai ya tanadi ruwan sha da busasshen abinci da fitila da rediyo, ya ƙulle takardunsa a leda. Kuma a tashi da sauran rana, domin idan iska ta fara hanya takan fi gida haɗari.

Batun dukiya kuwa, Imam Gazali da Shaɗibi sun lasafta abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare: addini, rai, hankali, zuriya, dukiya. Rai yana gaban dukiya. Amma kada mu raina talakan da saniya ɗaya ce jarinsa. Shi ya sa a Bangaladash aka tara tuddan ƙasa, suna kiransu killa, don a hau da dabbobi. Wannan shi ne fiƙihu a aikace, a kawar wa mutum abin da ke hana shi bin hukunci.

Inda zuciyata ta fi sosuwa shi ne sha'anin mata. A 1991 matan da suka rasu sun fi maza nesa ba kusa ba, cikin dalilan har da jiran miji ya dawo ya ba da izini, da kunyar cakuɗa da maza a mafaka. A sani, malamai sun bayyana cewa mace tana fita ba da izinin miji ba idan ta ji tsoron gida ya rushe mata, ba ta kuwa saɓa masa ba. Maigida kiwo aka ba shi, za a kuma tambaye shi. Idan shi ya zaɓi zama, ba shi da ikon zaɓar wa jariri da tsohuwa. Ya kamata tun kafin ranar ya gaya wa iyalinsa, in an yi shela ba na nan, kada ku jira ni. Hukuma kuma ta ware wa mata ɓangarensu da makewayinsu.

Akwai kuma wanda yake so ya tashi ba shi da hali. An ga haka har a ƙasar masu arziki. A watan Agusta na 2005 aka umurci mutanen birnin New Orleans na Amurka su fice kafin guguwar Katrina, masu mota suka tafi, dubban marasa mota da tsofaffi suka rage, ruwa ya fasa shingayen birnin ya mamaye kashi 80 cikin 100, fiye da mutum 1,000 suka mutu. Fitar da irin waɗannan farilla ce ta kifaya. Idan babu wanda ya yi, duk mai iko da ya sani yana da laifi, tun daga hukuma har mai kwalekwale.

Ibada ba ta hana tashi. A mazhabar Malikiyya ruwa mai tsanani da tsoron halaka uzuri ne na barin Juma'a. Wanda yake salla ya ga mutum zai nutse, yanke sallar wajibi ne. Mai azumin da aikin ceto ya kai shi ga tsoron halaka ya sha, ya rama daga baya. In ruwan da ke mafaka na sha ne kawai, a yi taimama.

Mu nan guguwar teku ba ta iso mana, amma mazauna bakin Binuwai da Kwara sun san shelar da ake yi idan za a saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, sun kuma ga ambaliyar 2012 da ta 2022. Hukuncin ɗaya ne. Limamin da hukuma ta kawo wa irin wannan sanarwa ya karanta ta a lasifikar masallaci bayan kowace salla, ya faɗi inda mafakar take da hanyar da za a bi.