Yasar Teku Da Duwatsun Murjani

Ran nan muna darasin labarin ƙasa da 'yan aji uku, na zo kan maganar ƙasashen da ke cike teku da yashi don su sami filin gini, kamar yadda aka yi a bakin ruwa na Ikko. Sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in mutane sun cike ruwa sun sami ƙasa, wa suka cuta? Ai ba gonar kowa ba ce." Aka yi dariya, aka buga ƙararrawa ban gama ba shi amsa ba. To, ga amsar, don shi da sauran 'yan'uwansa da za su fita koyarwa.

Da na ce murjani, na san hankalinku zai tafi ga jan dutsen nan da mata ke sa wa a wuya, sarakunan Bini kuma ke ado da shi. Danginsu ɗaya da wanda nake nufi, amma wannan dabam ne. Waɗansu 'yan halittu ne masu taushi, da yawansu ba su kai ƙwayar wake ba, suna zaune dubbai wuri guda a ƙarƙashin teku. Kowace tana gina wa kanta ɗan ɗaki na farar ƙasa. In ta mutu, na baya su yi gini a kan kangonta. Da haka, cikin dubban shekaru, sai ka ga tsauni ya tashi a cikin ruwa. Ginin ba sauri gare shi ba: irin masu dunƙulewa kamar tulu wajen santimita 1 suke ƙaruwa a shekara. Duk tsaunukan nan ba su rufe kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen rubu'in ire-iren halittun teku nan suke fakewa, su ci, su hayayyafa.

Ga abin da nake so ku riƙe. A cikin naman kowace 'yar halittar nan akwai wata irin gansakuka wadda ido ba ya gani. Ita ke haɗa abinci da hasken rana yadda ganye ke yi, ta ciyar da mai masaukinta. Saboda haka murjani ba ya rayuwa sai cikin ruwa mai ɗumi, garai-garai, marar zurfi ƙwarai. Yana daga dalilan da suka sa ba mu da irin tsaunukan nan a gaɓar Nijeriya, gama Kwara da sauran koguna kullum suna zubo laka cikin teku. Alhazai kuwa, Bahar Maliya da suke ƙetarewa cike take da su, don babu wani babban kogi da ke gurɓata ta.

Bari mu ɗauki Singafo, wani tsibiri a ƙarshen kudu na Malesiya. Lokacin da ta sami kanta a 1965 faɗinta wajen murabba'in kilomita 580 ne. Mutane suka yi yawa, wuri ya ƙure, sai suka fuskanci teku. Filin jirgin sama na Changi, wanda aka buɗe a 1981, yawancinsa a kan ciko yake. Tsibirin Jurong, inda matatun mai suke, ƙananan tsibirai bakwai ne aka cike tsakaninsu suka zama ɗaya. Yau ƙasar ta haura murabba'in kilomita 730. Masanan ƙasar sun ƙiyasta wajen kashi 60 cikin 100 na tsaunukan murjaninsu sun tafi.

Wanda aka zuba wa yashi a ka, ba sai an faɗa ba, an binne shi da rai. Wanda ke kan hanyar jiragen ruwa kuma injin yasa ya farfashe shi. Waɗannan ana iya auna su a taswira. Ɓarnar da ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ba ta fita a taswira, watau laka.

Duk wanda ya taɓa ganin yasar rijiya ya san ruwan kan kwana biyu bai kwanta ba. To, ku kwatanta da jirgin yasa mai zuƙar ƙasan teku dare da rana, shekara da shekaru. Yashi mai nauyi nan da nan yake nutsewa. Laka mai laushi kuwa sai ta bi igiyar ruwa ta yi nisa, har inda injin bai taɓa zuwa ba. Ta tare hasken rana, gansakuka ta kasa aiki, yunwa ta kama murjani. Wadda ta sauka a kansa kuma, sai ya riƙa fitar da yauƙi yana ture ta da 'yan gasusuwan jikinsa. Ga yunwa, ga aikin shara ba hutu. Ƙarfinsa ya ƙare, ciwo ya shige shi. Har wa yau 'ya'yansa, da ke yawo cikin ruwa suna neman dutse mai tsabta su manne, sai su tarar ko'ina taɓo ne. Tsofaffi na mutuwa, babu masu gadonsu. Ko an tsai da aiki ma ba a huta ba, don duk jirgin da ya wuce, ko ruwa ya yi hauka, sai lakar ta sake tashi. A Singafo, cikin shekarun 1960, mai nutso yana hango abu daga mita 10, watau gaba biyar da 'yan kai. Yanzu sau da yawa ba ya wuce mita 2.

Ni ban ce mutanen Singafo su zauna a matse don kifi ya ji daɗi ba. Mutum wajen miliyan 6 a ɗan wurin nan, dole su nemi inda za su sa ƙafa. Sun kuma koyi darasi. Da za su yi wurin zuba tokar shara a tsibirin Semakau, wanda ya fara aiki a 1999, sun kewaye wurin aikin da labule cikin ruwa don tare laka. A 2014 suka keɓe tsibiran Sisters don kiyaye abin da ya saura, suna ma ciro murjani daga inda za a yi aiki su dasa shi can. Har yanzu akwai iri wajen 250 a ruwansu. Sai dai dashe ba ya mai da ginin shekara dubu.

Shi kuma yashin, daga ina? Yawancinsa daga maƙwabta aka sayo, watau an yashe wani tekun don a cike wannan. Masuntan can suka yi ta kuka, har Indonisiya ta hana sayar da shi a 2007, Kambodiya ta bi sawu a 2017. Ga waɗanda ɗalibina ke tambaya a kansu: masu kamun kifin da ba su taɓa ganin Changi ba.

In za ku koyar da wannan ga 'yan firamare, ku nemi kwalba biyu masu haske ku cika da ruwa. Ku zuba cokali ɗaya na yashi a guda, cokali ɗaya na yumɓu a ɗayar, ku girgiza, ku ajiye a taga. Ku sa yaro ya riƙe allo mai rubutu a bayan kowace, 'yan aji su gwada karantawa. Ta yashi kafin ku share allo ta washe. Ta yumɓu kuwa ku bar ta nan, ku sa su duba da safe in sun shigo, su rubuta ranar da suka fara ganin baƙaƙen.