Zancen Zuci da Lafiyar Jiki

A Hotoro da sauran unguwannin Nassarawa ƙiba ta yawaita. Dalilin ba a ɓoye ya ke ba. Iyayenmu da ƙafa su ke zuwa gona, mu kuwa mota ko A Daidaita Sahu ke kai mu ko'ina, ga tuwon shinkafa da dare, ga lemon kwalba. Da yawa cikin 'yan'uwa likita ya riga ya gaya musu su rage jiki saboda hawan jini ko ciwon sukari. Suna farawa da himma, kafin wata guda sun bari. A ganinmu sau da yawa zancen da mutum ke yi wa kansa ne ke kayar da shi.

A 1975 Peter Herman da Deborah Mack suka yi wani gwaji a Amurka. Suka ba waɗansu mata madara mai sukari su sha, sa'an nan suka ajiye musu askirim, wai su ɗanɗana. Waɗanda ba su ƙayyade cin abinci suka ci kaɗan, gama sun ƙoshi. Amma masu ƙoƙarin rage jiki, da suka sha madarar, sai suka ci fiye da 'yan'uwansu waɗanda ba a ba su ba. Me ya sa? Domin zuciyarsu ta ce musu, "Yau kam na riga na ɓata, bari in ci." Ba yunwa ce ta tura su ba. Mun san irin wannan a gidan biki: daga waina uku, sai mutum ya yi fushi da kansa ya share faranti.

A 2007 Claire Adams da Mark Leary suka jarraba wata hanya. Suka ba 'yan mata fanke irin na Turawa. Bayan sun ci, aka gaya wa waɗansunsu kada su tsananta wa kansu, kowa yakan ci irin wannan wani lokaci. Da aka kawo alewa, cikin masu tsaron ciki waɗanda aka yi wa magana mai taushi suka ci kaɗan. Mutane suna tsammani zagin kai shi ne horo. Ba haka ba ne. Wanda ya kira kansa rago ko acici baƙin ciki yakan kama shi, mai baƙin ciki kuwa wurin tukunya ya ke neman ta'aziyya. Marubucin Zabura 42 ma da ransa ya ke magana cikin damuwa, amma tambayarsa ya yi, ya ƙarfafa shi, bai zage shi ba.

Kada dai wani ya ɗauka magana kaɗai za ta narkar da teɓa. Faufau. Amfanin magana mai kyau shi ne ta komar da mutum bakin aiki washegari. Aikin kuwa bai kai yadda mu ke tsoro ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya sa mutanen da ciwon sukari ke gab da kamawa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiya minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, wajen kilo 5 da rabi ke nan. Tafiyar kuwa minti 30 ce, kwana 5 a mako, da sanyin safiya kafin manyan motoci su cika hanyar Maiduguri.

Saboda haka maimakon "ba zan taɓa iyawa ba," bari mu faɗa wa kanmu abin da ke gaskiya, mai yiwuwa kuma: "Jiya na zarce. Yau malmala ɗaya, da zogale, da ruwa." Mu kula kuma da bakinmu a gida, gama abin da miji ke kiran matarsa cikin ba'a, shi za ta riƙa maimaita wa kanta bayan ya fita. Mai hawan jini ko ciwon sukari kuwa ya shawarci likitansa tukuna, kada kuma ya bar maganinsa domin ya ga jikinsa ya fara sauƙi.