Kwamfutar Shagonmu Ta Ishe Ni Da Tambaya

 Ni ke riƙe da lissafin wani Alhaji mai sayar da taki da maganin feshi. Babban shagon yana Maƙarfi, muna da reshe a Ikara, wani a Hunkuyi. Yawancin cinikinmu bashi ne: manomin rake ko na tumatir ya ɗauki kamfa da yuriya, sai kaya sun fito ya biya. Shekara biyu ke nan wani ɗan bautar ƙasa ya haɗa mana rumbun bayanai a manhajar Access, ya gama ya tafi, yanzu ko lambarsa ba ta shiga.

Duk ƙarshen wata nakan fitar wa Alhaji rahoto huɗu: kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, masu bashi, da kuɗin da aka biya. Kowanne na buɗe sai ɗan akwati ya faɗo: daga wace rana? Zuwa wace rana? Wane reshe? In amsa, na gaba ya sake. Na bashin ma sau biyu yake tambaya, in na ce a buga a takarda ya ƙara ta uku.

Watan jiya lissafin Ikara ya ƙi haɗuwa, buhu 26 suka yi ɓatan dabo. Alhaji bai ce uffan ba, ya cire tabarau ya dube ni, ya ce a kirawo yaron sito. Kwana biyu muna ƙirga buhuna, ashe a wani rahoton na rubuta 1 ga wata, a wani yatsana ya danna 11. Har yau yaron da ƙyar yake amsa gaisuwata. Malam, akwai yadda zan faɗa wa na'urar nan magana sau ɗaya ta riƙe?

Mai karatu daga Maƙarfi

To, ɗan'uwa. Akwai, kuma aikin bai kai na yini guda ba.

Bari ka fara sanin dalilin nacin. Kowane rahoto yana zaune ne a kan tambayar da ake jefa wa rumbun, wadda masu sana'ar ke kira kwiri (ba irin wanda ake ba ma'aikaci in ya yi fashin aiki ba). Ɗan bautar ƙasarku ya bar gurbin sharaɗi a cikin kowace tambaya, don a cike lokacin buɗewa. Access kuwa ba ta ajiye amsar. Tana gama aiki da ita take zubarwa. Rahoton bashi yana tambaya sau biyu ne domin akwai ƙaramin rahoto a cikinsa mai tasa tambayar. Gajiyar dannawa ƙaramin abu ce. Abin tsoron shi ne kana auna hatsi ɗaya da tiya huɗu, ka kuma sa ran awo ya zo daidai.

Kafin ka taɓa komai, kwafi fayil ɗin ka ajiye a filashi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sannan ka ƙirƙiri fom guda wanda ba a ɗaura shi a kan kowane tebur ba, ka sa masa suna Zabi. Ka ɗora akwati biyu na kwanan wata, Daga da Zuwa, da akwatin zaɓi na uku mai suna Reshe, sai maɓallai huɗu, kowanne na buɗe rahoto ɗaya. Yanzu ka bi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ka goge tsohon sharaɗin, ka nuna musu fom ɗin. A layin sharaɗi na kwanan wata ka rubuta Between Forms!Zabi!Daga And Forms!Zabi!Zuwa, a na reshe kuma Forms!Zabi!Reshe. Shi ke nan, duk sun koma shan ruwa a rijiya ɗaya. Amma fom ɗin ya zauna a buɗe. Ka rufe shi, ɗan akwatin nan zai dawo, wannan karon ma da wani dogon suna mai ruɗarwa.

In kana so ka rufe fom amsar ta zauna, tun fitowar Access ta 2007 akwai abin da ake kira TempVars, wata 'yar ma'ajiya da ke riƙe amsa har a rufe manhajar. Wasu kuma tebur mai layi ɗaya suke yi su zuba sharuɗɗan a ciki. Wannan ba na so maka shi in mutum biyu ke aiki a rumbu ɗaya, don kana neman Ikara wani zai sauya ya sa Hunkuyi ba ka sani ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kwanan wata, a nan nake so ka natsu. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata. Amurkawa wata suke farawa da shi. Kwamfutocin hannu da ake shigowa da su da yawa suna zuwa da saitin Amurka, ba wanda ya damu ya sauya. Ka rubuta 3/4 kana nufin 3 ga Afrilu, ita ta karanta 4 ga Maris. Mugun abin, in ka rubuta 25/4 za ta gane babu wata na 25, ta juya shi daidai da kanta, sai ka ɗauka komai lafiya. Kwanaki 12 na farkon wata ne ke cin amana. Ka gyara saitin yanki a Windows, ka kuma ba akwatunan nan biyu siffar kwanan wata: 'yar kalanda za ta fito a gefe, ka riƙa zaɓa maimakon rubutawa. Da ita aka yi aiki watan jiya, da yatsanka bai samu inda zai ƙara 1 ba.

Akwai kuma ranar ƙarshe. In rumbunku yana ajiye awa da minti tare da ranar ciniki, "zuwa 30 ga wata" a wurin na'ura yana nufin sha biyun daren da 30 ta shigo. Manomin da ya ɗauki buhu biyar da la'asar ɗin ranar ba zai fito ba. Maganinsa ka ce a kawo abin da ya kai Daga amma bai kai Zuwa da ƙarin kwana ɗaya ba.

Sunayen garuruwa ma kada ka bari a riƙa rubuta su da hannu. Wani ya sa Nasarawan Doya, wani ya ninka harafin ya sa Nassarawan Doya, na'ura ta ɗauke su gari biyu. A jera su a tebur, Gubuci, Paki, Likoro da sauransu, a riƙa zaɓa. Ranar da Alhaji ke son rassan uku a haɗe, ƙara wa sharaɗin reshe Or Forms!Zabi!Reshe Is Null, ka bar akwatin fayau, duk za su fito. In kuma akwai rahoto mai jera watanni a sama da rassa a gefe, shi sai ka shiga Parameters ka sanar da shi sunayen akwatunan da irin abin da ke cikinsu, in ba haka ba zai ce bai san su ba.

Abin da na fi so ka yi, ko da ka kasa sauran yau: a saman kowane rahoto ka sa akwati mai ɗauko ranakun nan biyu da sunan reshe, a buga su manya-manya. Da takardun watan jiya na ɗauke da wannan, da Alhaji na jera su a tebur zai ga ɗaya ta fara daga 1, ɗaya daga 11, ba sai an tayar da sito ba.

Shi kuwa yaron, ka same shi a gaban Alhaji ka ce kuskuren daga yatsanka ne. A gabansa aka kira shi.