Kada Ka Ɗaure Kwamfutocinka Ga Kamfani Ɗaya

Tun da Broadcom ya sayi VMware a ƙarshen 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma na haya, masu kula da uwar garke da yawa suka shiga neman mafita. Idan kana gudanar da kwamfutoci da dama a cikin na'ura ɗaya, shawarata ka fara da libvirt.

Manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe, tana nan tun 2005. Amfaninta shi ne ta tsaya tsakaninka da manhajar da ke ɗauke da waɗannan kwamfutocin, ko KVM ce, ko Xen, ko ESXi ta VMware. Da umarnin virsh kake kunna su, ka kashe, ka duba lafiyarsu. Wanda bai son rubuta umarni sai ya ɗauki virt-manager. Sai dai ka sani, libvirt ta fi ƙarfi a kan KVM. A kan ESXi ba komai take iya yi ba.

Wurin ƙaura daga VMware zuwa KVM ne ake shan wuya. Manhajar qemu-img tana juya faifan vmdk na VMware ya zama qcow2 na KVM, amma juya faifai kaɗai ba ya wadatarwa, musamman ga Windows, wadda kan ƙi tashi idan babu direbobin virtio. Shi ya sa na fi son virt-v2v, domin ita ce ke shigar da su yayin ƙaurar.

Don Allah, kafin ka taɓa komai, ka ajiye kwafin faifan a wani wuri daban, sannan ka gwada da kwamfutar da ba a dogara da ita ba.