Ciwon Baya: Kada Tsoro Ya Kwantar Da Kai

Tun ranar da bayanka ya riƙe wajen ɗaga buhun masara ka jingine fartanya, ka daina hawa babur zuwa kasuwar Kibiya, sallah ma a zaune kake yi. Wata uku ke nan ciwon bai tafi ba. Ɗan'uwa, wataƙila ba ciwon kaɗai ya ɗaure ka ba, har da tsoronsa.

Likitocin gashi sun daɗe da gane haka. A 2000, masu bincike biyu, Vlaeyen da Linton, sun bayyana yadda abin ke zagayawa: ciwo ya haifi tsoro, tsoro ya hana motsi, rashin motsi ya sa tsoka ta saki, gaɓoɓi su sage, ciwo ya daɗa zama. A nan gida, masana gashi na Jami'ar Bayero sun fassara tambayoyin auna wannan tsoro zuwa Hausa a 2019. An kuma yi gwaji kan mutum 120 masu daɗaɗɗen ciwon baya a Tsakuwa, Dawakin Kudu, inda haɗa motsa jiki da yi wa mutane bayanin ciwonsu ya rage musu zafi da nakasu. Ga abin yi.

1. Fara tantancewa. In akwai zazzaɓi, rama, gumin dare, ƙafa na mutuwa, fitsari ko bayan gida na kufce maka, ko kuma faɗuwa ka yi daga babur, ajiye wannan takarda ka nufi Babban Asibitin Rano yau. In ta kama, za a tura ka asibitin ƙashi na Dala. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu, ci gaba.

2. Rubuta abu biyar da kake shakkar yi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Misali: tafiya masallaci, ruku'u, ɗaukar bokiti, hawa babur, noma.

3. Gobe bayan asuba, yi tafiyar minti goma a kan hanya mai laushi. Duba agogon wayarka. Minti goma, ko da daɗi ko babu.

4. Ƙara minti biyu duk bayan kwana uku. Ranar da ka ji garau kada ka ce sai ka rama bashi. Masu yin haka ne ke kwanciya washegari, su ce ai motsi ne ya cuce su.

5. Auna zafin daga sifiri zuwa goma. In ya tsaya a uku ko huɗu, ya kuma lafa kafin wayewar gari, ba ɓarna ka yi ba. In ya kwana ya wuni yana ƙaruwa, koma matakin baya, amma kada ka daina.

6. Kama abu na farko a jerinka, ka maimaita shi kullum har ya daina ba ka faɗuwar gaba, sannan na biyu. Bokiti: rabi tukuna, ka matso da shi jikinka. Gona: kunya biyu, ka miƙe, ka ɗan taka, ka dawo.

7. Kwanciya kada ta wuce kwana ɗaya ko biyu. Tsumma mai ɗumi a ƙugu yana taimakawa kafin ka fita. Tramadol na kemis ba tare da takardar likita ba kuwa, bar shi.

8. Faɗa wa mutanen gida shirinka. "Kwanta, bari yara su yi" ƙauna ce, amma tana tsawaita jinya. Ce musu su raka ka tafiya maimakon su karɓe maka komai.

In mako shida ya wuce ba sauyi, nemi a haɗa ka da likitan gashi, ka tafi da jerin nan naka. Da shi zai san inda zai fara.