Zaɓen Ƙaramar Kyamara Domin Tafiya

Yau zancenmu a kan ƙaramar kyamara ne, wadda matafiyi zai sa a aljihu, ya ɗauki hotuna masu motsi, ya ba kamfanoni irin su Shutterstock su sayar masa.

Abin da mai saye zai fara tambaya shi ne girman farantin da ke karɓar haske a cikinta, watau abin da ya gaji fim. Ƙaramin faranti haske kaɗan yake tarawa. Da magariba ta yi sai hoto ya fito kamar an watsa masa yashi, kamfani kuwa ya ƙi karɓa. Wanda ake kira mai inci ɗaya, irin na Sony RX100 ta 2012, tsawonsa milimita 13.2 ne, faɗinsa 8.8. A ganina kada a yarda da wanda bai kai wannan ba, kome daɗin bakin mai kanti.

Sa'an nan ga maganar lantarki. A Ingila da Gana wutar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka da Saudiyya kuwa sau 60. Fitilu da yawa suna ƙiftawa bisa wannan lissafi. Ido ba ya gani, amma kyamara tana gani. Saboda haka a nemi wadda ke iya ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, ta kuma iya 30, domin a sauya in an sauka wata ƙasa: 25 a Landan, 30 a Jidda. In ba haka ba, hoton kasuwar dare sai ya yi ta ƙifce-ƙifce.

Sai mako mai zuwa.