Darasi na 12: Sharar Gona da Sassabe

Ya kai ɗalibi, ko a Ibadan kake zaune, ko a Inugu, ko a Kalaba, ka san cewa manomi ba ya shuka sai ya gyara gonarsa. Haka abin yake a ƙasar Hausa. Ana yin wannan aiki ne da bazara, wato daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan sama ya sauka. Idan tsohuwar gona ce, ana kiran aikin sharar gona. Idan kuwa daji ne za a mayar da shi sabuwar gona, sunansa sassabe.

Kayan aikin ba su da yawa. Da gatari ake sare busasshen itace, da adda ake sare ƙaya da ƙananan tsirrai irin su geza da sabara. Da fartanya ake tone tushiyar gero da dawa, sannan a tattara shara da manjagara. Idan aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya kira gayya, domin Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na farko da ya kamata ka koya shi ne bambanta mataccen itace da mai rai. Da rani kuka takan zubar da ganyenta duka, ta tsaya kamar busasshiya, alhali tana da ranta. Gawo kuwa akasin haka yake yi. Da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore shar. Ganyensa taki ne, shi ya sa gero yake yin kyau a gindinsa. Saboda haka kada rashin ganye ya ruɗe ka. Ka kankare ɓawon reshe da wuƙa. Idan ka ga kore da danshi a ciki, itacen yana da rai, ka bar shi. Idan reshen ya karye ƙas, kuma ɓawon yana ɓamɓarewa da kansa, to ya mutu.

Mataccen itace a kusa da gida haɗari ne. Iskar farkon damina tana da ƙarfi, tana iya kayar da shi a kan ɗaki ko rumbu. Kafin a sare shi, a duba inda ya karkata, a kori yara da dabbobi daga wurin. A fara sara ta gefen da ake so ya faɗi, sannan a koma ta baya a ƙarasa. Kada ka sa hannu cikin tarin kirare sai ka motsa shi da sanda, domin maciji da kunama sukan ɓuya a ciki.

Abin da aka sare ba ya zama asara. Manyan rassa su ne itacen girki, ƙaya a yi shinge da ita, kara kuma a yi darni. Sauran shara wasu manoma sukan tara ta su ƙone. Mai ƙonawa ya zaɓi lokacin da iska ta kwanta, ya share kewayen tarin, kuma kada ya tafi sai wutar ta mutu. Sakaci kaɗan yana iya cinye rumbun maƙwabci da abincin shekara guda. Ya fi kyau ma a bar ganye da karmami a gona, domin suna kare ƙasa daga iska, daga baya kuma su zama taki.

Manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun nuna amfanin sara da hankali. A shekarun 1980, bayan fari mai tsanani, suka fara barin kututture ya yi toho. Sukan zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su bar su, su sare sauran. Suna kiran wannan dabara sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa a kan hekta miliyan 5 a ƙasar. Ka ga ke nan, manomi na gari ya san abin da zai sare, ya kuma san abin da zai bari.

Ma'anar Kalmomi
Kututture: gindin itace da ya rage bayan an sare shi.
Toho: sabon ganye ko reshe da ya fito.
Kirare: ƙananan busassun rassa.
Karmami: busasshen ganyen dawa ko gero.
Darni: shingen gida da aka yi da kara.
Gayya: aikin da jama'a suke taruwa su yi wa mutum ɗaya.

Nahawu
Lura da yadda sifa take bin jinsi da adadin suna:
busasshen itace, busasshiyar kuka, busassun rassa
ɗanyen itace, ɗanyar kuka, ɗanyun rassa

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin sharar gona da sassabe?
2. Kawo kayan aiki uku, ka faɗi amfanin kowanne.
3. Me ya sa bai kamata a sare kuka don ba ta da ganye ba?
4. Waɗanne matakai mai ƙona shara zai ɗauka?
5. Yaya ake yin sassaben zamani?

Aikin Gida
1. Yi amfani da matacce, matacciya da matattu a cikin jimloli uku.
2. Tambayi wani manomi yadda ake gyara gona a yankinku, sannan ka rubuta jimloli biyar da Hausa a kan abin da ya gaya maka.